Kwano Marar Alama

Kwanuka arba'in da ɗaya aka jibge a bakin rijiyar gidan marigayi Malam Sabitu baduku ranar sadakar uku, kuma duk yawan matan da ke tsakar gidan babu wadda ta yi gigin miƙa musu hannu. Kowa a Ƙofar Dumi ya san wanke-wanken gidan rasuwa na Gwaggo Habibatu ne, balle wannan karon da mamacin yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Bayan azahar ta fito daga ɗaki, ta naɗe hannun riga, ta jawo 'yar kujerar tsuguno da ƙafa, ta dire gwangwanin hodarta a gefe. Matan suka janye tabarminsu don kada ruwa ya iso gare su.

Farar hoda ce mai ɗan kaushi a hannu, a cikin gwangwani mai hujoji a ka, irin wadda ake goge tukwane da baho da daɓen siminti. Gwaggo ta saba da ita tun tana aiki a ɗakin girkin wata makarantar kwana ta 'yan mata, inda ta shafe shekara ashirin da shida tana kankare tukwanen da babban mutum zai shiga ya zauna. Ta bar aikin da ciwon baya, da tafin hannu duk tsaga, da kuma raini ga duk macen da ke wanke kwano da toka da yashi. A wajenta toka shafa ce kawai, yashi kuma kashe kwano yake yi. Ita sai ta jiƙa kwano, ta barbaɗa hodar, ta bar shi ya sha na ɗan lokaci, sannan ta bi shi da soso tana zagayawa har sai ta ga fuskarta a ciki. 'Yan unguwa na tsokanarta cewa ko inuwar mutum ce ta faɗi a daɓenta sai ta tashi ta goge. Ba ta jin haushin maganar, don a kunnenta yabo ce.

Gidan da aka yi rashi ba ya hura wuta, maƙwabta ne ke ciyar da shi. Yara ke shigowa da kwano a ka, su dire a tsakar gida su ruga, kuma a cikin wannan cinkoso babu mai riƙe fuskar wanda ya kawo wane. Shi ya sa kowace mace ke yi wa kwanonta alama a gindi, wata ɗigo uku na jan farce, wata harafin sunanta da fenti, don in an watse kaya ya koma gidansu. Duk da haka sai an yi asara, domin 'yan'uwa na ƙauye kan tafi da sauran abinci har da mazubinsa. Gwaggo ta san darajar alamar nan. In ta zo gindin kwano takan danne ta da babban yatsa, ta zagaye yatsan da soso, kuma a iya saninta ba ta taɓa ɓatar da ta kowa ba.

Kwana uku ke nan ba ta zubar da hawaye ba. Malam Sabitu ne ya riƙe ta bayan rasuwar iyayensu, shi ya aurar da ita, shi kuma ya ware mata ɗaki a gidansa lokacin da mijinta ya rasu bai bar mata ɗa ba. Masu zuwa gaisuwa sai yaba dauriyarta suke yi, ita kuwa ta san ba dauriya ba ce. Wani abu ne ya tokare mata ƙirji, ya ƙi gaba ya ƙi baya.

Ta kusa gamawa sai hannunta ya faɗa kan wani kwano da ita da kanta ta ɗauko daga ɗakin Sauda, matar Mansir babban ɗan marigayin. Wake da shinkafa ne ya zo a ciki, Sauda da baƙinta uku suka cinye shi tas. Kwanon silba ne mai murfi, irin wanda ke cike da kowace kasuwa, sai dai mai shi ta daɗe da mai da shi tukunya. Shekarun ɗumame a kan itace sun yi masa baƙi wuluk tun daga gindi har baki, tsohon manja kuma ya daskare a jikinsa. Gwaggo ta yi tsaki, amma a ranta daɗi ta ji, don ta sami abokin kokawa.

Sau uku tana barbaɗa masa hoda. A na ukun ne ta tuna yadda yayanta ke zama a zaure da fata a cinya, yana ce mata ta bar wa ƙasa ɗan datti ko kaji sa samu abin tona. Nan take kukan da ya ƙi zuwa ya ɓalle mata. Ta duƙa a kan kwanon tana kuka tana gurzawa, ba ta ganin komai, hannun ne kawai ke aikin da ya saba. Da ta share ido da gefen mayafi sai ta ga wani siririn kore yana bin kumfa zuwa kwata. Ta juya gindin kwanon. Fari ne fat, yana ɗaukar ido, babu ko ɗigon fenti. Alamar tana ƙarƙashin baƙin ne, ta tafi tare da shi ba tare da ta ga ko wace iri ce ba.

Ta lallashi kanta da cewa mai abu ai ba ta kasa gane abinta. Ta ɗauraye shi, ta kife shi can saman sauran inda kowa zai gani, don gaskiya ya yi kyau.

Kafin magariba Sauda ta fara amai. Ba a jima ba kumfa ta fara fita daga bakinta, jikinta na karkarwa, aka kuma aiko daga gidaje uku cewa baƙin da suka ci tare da ita suna cikin irin halin. A keke mai ƙafa uku aka kwashe su zuwa asibiti.

Washegari da hantsi Mansir ya dawo gida tare da wani duba-gari mai suna Abdulsalam, siririn mutum mai magana a hankali. A zaure aka tara dattawan gidan, aka kira Gwaggo. Abdulsalam ya bayyana musu cewa likitoci sun ga alamar maganin ƙwari, irin wanda wasu masu ajiyar wake ke zubawa a buhu don kada ya huje. Ya ce bai zaci wani ya yi da gangan ba, kuma ba laifi ya zo nema ba. Abin da ya hana shi sukuni shi ne sauran waken. Yana nan a wani gida a cikin unguwar nan, kuma mai shi ba ta san abin da ta ajiye ba. In aka sami mai kwanon, an sami waken.

Gwaggo ta shiga ta ɗauko kwanon. Abdulsalam ya juya shi, ya duba gindi, ya duba murfi, sannan ya ɗago kai.

"Inna, haka ya zo? Babu wata alama?"

Idon zauren gaba ɗaya ya dawo kanta. Mansir na tsaye a bakin ƙofa, bai runtsa ba tun jiya, idanunsa sun kaɗa sun yi ja. Ta ji kunya ta rufe ta tun daga ka har ƙafa, ita da ake kafa misali da aikinta, a ce ita ce ta goge hanyar da za a bi a ceci rai.

"Haka ya zo," in ji ta.

Maganar ta fita kafin ta auna ta. Da ta fita kuma sai ta ga ai ba komai, tunda yanzu za a zagaya, mai shi ta gan shi ta ce nata ne, shi ke nan.

Matan gidan suka haɗa kai suka tuno gida shida da aka san sun aiko da wake. Aka fita da Abdulsalam a gaba, Mansir a bayansa, Gwaggo na biye da kwanon a ƙarƙashin mayafi, domin ita kaɗai za ta iya shiga har cikin ɗakunan mata. Labari ya riga su fita. Kafin su ƙare lungun farko samari kusan goma sun biyo su, abokan Mansir da waɗanda ba su da aikin yi, kuma a bakinsu maganar ta riga ta zama an sa wa gidan Malam guba.

A gida na farko maigidan ne ya tare su a zaure, ya ce buhunsa daga gonarsa ya fito, kuma duk mai son taɓa shi sai ya zo da takarda. A na biyu uwargidan ta ƙi ko kallon kwanon, ta ce shekara talatin tana aika abinci gidajen rasuwa ba a taɓa biyo ta da tuhuma ba. A na uku da na huɗu an duba an ce ba nasu ba ne, nasu ya koma tun jiya. A na biyar matar ta fashe da kuka tun kafin a tambaye ta, aka sha wahala kafin a gane tsoro ne kawai. Ko'ina Abdulsalam kan roƙi ɗan wake cikin tafin hannu, ya ƙulle a leda, ya rubuta sunan gida, ya ce sakamakon gwaji sai mako mai zuwa, kafin nan a dakata da dafawa. Ko'ina akan amsa masa da to, irin to ɗin da ake yi wa baƙo don ya tafi.

Gida na shida gidan haya ne a ƙarshen wani lungu da ko babur ba ya shiga. A ɗaki ɗaya daga ciki Liatu ke zaune da 'ya'yanta biyu, Jesse da ƙanwarsa Roda. Mutuniyar wajen Bogoro ce, mijinta Andrawus magini ne da ke bin aiki gari-gari, ita kuma tana wankau a gidajen mutane. Ba ta da kowa a unguwar. Malam Sabitu ne kan ɗinke wa yaran takalman makaranta ya ƙi karɓar komai, shi ya sa da ta ji rasuwarsa ta ga ba za ta zauna hannu rabbana ba.

Ta fito da hannu duk kumfar sabulu, ta durƙusa ta gai da Gwaggo, ta yi wa Mansir ya mai jiki. Ba ta ɓoye komai ba. Ta ce ta aika da wake da shinkafa, mudu guda ta saya ta dafa rabi, kuma duk ta juye wa gidan rasuwa, ita gishiri kawai ta ɗanɗana. Gwaggo ta fito da kwanon ta miƙa mata. Liatu ta goge hannu a zane kafin ta karɓa, ta riƙe shi da yatsu kamar kayan aro, har ta ɗan yi murmushi.

"Mama, ina ni ina wannan? Wannan ai na masu hali ne. Nawa baƙi ne ƙirin, ina jin kunyar aika shi ma. Akwai harafin sunana a gindi da koren fenti, in ba an kankare da farce ba ba a gani. In ya fito a aiko min, shi ke nan gare ni."

Gwaggo ta tuna koren nan da ya bi kumfa zuwa kwata. Ta dafa bango.

Mansir ya juyo ya dube ta, ya tambaye ta ko akwai baƙin kwano a cikin waɗanda ta wanke. Ta buɗe baki. Daga inda take tana hango ƙofar gidan, samarin sun cika ta maƙil, ɗaya na riƙe da guntun katako yana buga shi a tafin hannu. Ta dubi Liatu, mace ɗaya tilo a ɗakin haya, miji ba ya gari. Ta san in ta ce wannan ne kwanon, duba-gari da siririyar muryarsa ba zai iya tare ƙofar nan ba. Ta kuma san in ta faɗa, sai ta faɗi cewa ta yi ƙarya a zaure a gaban dattawa.

"Baƙaƙen kwanuka ai suna da yawa," in ji ta. "Wasu sun bi mutanen ƙauye."

Ta gaya wa kanta don Liatu ta yi shiru, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma ba ita ce gaskiyar duka ba, kuma ta san haka tun tana tsaye a wurin.

Abdulsalam ya ɗebi nasa ɗan waken daga wata roba a bayan ƙofa, ya shinshina, bai ji komai ba, ya maimaita gargaɗinsa. Gwaggo ta leƙa ɗakin ta bayan kafaɗarsa. Ban da robar nan babu wani abin dafawa, sai buhun masara da aka ninke aka ɗora a kan akwati. Da za su fita ta kama hannun Liatu ta matse, ta ce mata ta bi maganar ma'aikaci, kada ta taɓa waken nan. Liatu ta ce to, Mama. Gwaggo ta ƙudurta a ranta cewa da zarar taron ya watse za ta dawo ita kaɗai, ta rufe ƙofa ta gaya mata komai, su haƙa rami su binne waken, ta kawo mata garin masara daga nata. Abin da ba zai fi rabin sa'a ba.

Ba su kai bakin lungun ba wayar Mansir ta yi ƙara. Ya saurara, ya cire hularsa, ya zauna a ƙasa a tsakiyar hanya. Sauda ta cika.

Daga nan ranar ta fita daga hannun Gwaggo. Ita ce babbar mace a gidan, ita ce kuma ke wankan gawar mata a wannan ɓangaren unguwar. Ta shiga gida ta tarar da shi ya kaure da kuka, ta jefa kwanon a ɗakinta, ta juyo za ta fice, sai mahaifiyar Sauda ta riƙe mata zane ta ce don Allah kada ta bari wani hannu ya taɓa 'yarta sai nata. Ta ce tana zuwa yanzun nan, aka ce motar asibiti ta riga ta shigo layi. Ta nemi wadda za ta aika, sai ta ga babu saƙon da za ta bayar wanda ba zai tona mata asiri ba. Ta ce wa kanta ai an gargaɗi Liatu, ai ta amsa, ai yara ba sa tasowa daga makaranta sai ƙarfe biyu.

Ta yi wa Sauda wanka yadda ya kamata, ba ta tsallake komai ba, don hannunta bai iya aikin gaggawa ba. Yarinya ce da ba ta cika ashirin da biyar ba, lallen da ta sa makon jiya bai ko dushe ba. Aka jira likkafani daga wajen tela. Aka jira kawun Sauda da ke tahowa daga Gubi. Aka yi sallar azahar, aka fitar da makara, mata suka rufe ƙofar ɗaki da kuka, kowace ta shigo sai ta faɗa jikin Gwaggo. Duk wannan lokacin kunnenta na waje, tana ƙirga ƙarar yaran makaranta da ke wucewa ta bayan katanga, tsoro na cin ta.

Sai da aka kira la'asar ta samu ta zame ta ƙofar baya. Rabonta da gudu ta manta, amma ranar ta yi, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, da ƙullin garin masara a hammata.

Ƙofar ɗakin Liatu a buɗe take. A tsakar gida murhu bai gama hucewa ba, ga wata 'yar tukunyar aro a kai an kankare ta har ƙanzo, ga ƙananan cokula biyu a ƙasa. Wata maƙwabciya ce ta fito ta gaya mata. Yaran sun dawo da yunwa, ƙaramar na kuka. Liatu ta ce tunda an tabbatar kwanon ba nata ba ne, wakenta lafiyarsa lau, ta wanke shi sau biyu ta dafa musu. Ita ba ta ci ba, don bai isa mutum uku ba. Yanzun nan aka fita da su a hannu zuwa bakin lungu aka sa su a keke, yarinyar ba ta ko motsi.

Gwaggo ta tsaya da ƙullin garin a hannu. Maƙwabciyar ta kawo mata kujera, ganin tsohuwa ta yi gudu saboda 'ya'yan wasu, har tana sa mata albarka.

Roda ba ta kai asibiti ba. Jesse aka kwantar, likitoci suka ce a yi ta addu'a. Andrawus ya iso washegari da ƙurar siminti a gashinsa, aka binne yarinyar a maƙabartar Kirista. Wutar da ke cikin samarin unguwa ta mutu murus, domin babu mai ɗaga hannu a kan uwar da ta binne 'yarta. Mansir da kansa, da nasa rashin a ka, ya je ya yi wa Andrawus gaisuwa. Aka gano wani mai baro ne ya bi unguwar da waken yana sayarwa da araha, ba a kuma sake ganinsa ba. Game da kwanon kuwa, unguwa ta yanke wa kanta hukunci cewa wata ce daban ta saya a wajen mutumin, ta aiko, tsoro ya hana ta fitowa. Har aka fara nuna gidan matar nan da ta yi kuka.

Ba wanda ya tuhumi Gwaggo, kuma ba wanda zai taɓa tuhumarta. Ta fahimci haka sarai. In ta ja bakinta ta yi shiru, za ta mutu da sunanta fes yadda ta rayu da shi. Kwanon na nan a ƙarƙashin gadonta inda ta tura shi da ƙafa, ko ta juya baya ta san yana nan. Abinci ya ƙi shiga bakinta. Matan gida suka ce rashin biyu ne a jere ya taɓa ta, suka riƙa kawo mata kunu suna lallashi. Wanke-wanken rasuwar Sauda ma wasu ne suka yi, da toka, tana ji tana gani ba ta tashi ta karɓa ba.

A rana ta uku da rasuwar Roda, da hantsi, ta jawo kwanon, ta goge masa ƙura da gefen zane. Ba a mai da kwano wayam, ko ƙullin gishiri ne akan jefa a ciki, amma ta duba ɗakinta kaf ta rasa abin da za ta iya sa wa wannan. Ta rufe shi haka nan ta fita. Ba ta ɓoye shi a mayafi ba, a hannu ta riƙe shi, rana na dukansa, mutane na kallo har ta shige lungun.

An shimfiɗa tabarmi a tsakar gidan hayar. Matan zumunta na cocinsu Liatu sun zauna kewaye da ita, sun gama waƙa ke nan, wata na karatu ƙasa-ƙasa. Andrawus na asibiti wajen yaron. Liatu na jingine da bango, ƙafafu a miƙe, ta rame har wuyanta ya yi tsawo, idanunta a bushe. Da ta ga Gwaggo sai ta yunƙura za ta durƙusa, Gwaggo ta riga ta kai gwiwa ƙasa. Matan suka dubi juna, don ba a saba ganin tsohuwa kamar wannan a durƙushe gaban 'yar cikinta ba.

Ta ajiye kwanon a kan tabarma, ta tura shi gabanta.

"Liatu, kwanonki ne wannan. Ni na goge shi, na goge har da harafin. Ranar da muka zo, kina faɗin koren fenti na gane. Na yi shiru."

Mai karatun ta rufe littafinta. Babu wadda ta yi motsi, sai wata kaza da ke tona a gindin murhu. Liatu ta daɗe tana kallon kwanon kafin ta kai hannu. Wannan karon da tafin hannu biyu ta ɗauke shi. Ba ta duba gindin ba, sai ta zura yatsa ƙarƙashin leɓensa tana bi a hankali, har ta tsaya a wani wuri da ya ɗan lotse, wurin da ido ba ya gani. Ta bar yatsan a nan.

Gwaggo ta sunkuyar da kai tana jira. Zagi take jira, ko mari, ko a ɗauki kwanon a rotsa mata a ka, kuma da za a yi mata ɗaya daga ciki da ta gode. Ta ji numfashin Liatu na fita da ƙyar. Da muryar ta zo, a dishe ta zo, babu faɗa a cikinta ko kaɗan.

"Da me kika goge shi, Mama? Shekara tara ina fama da baƙin nan, ya ƙi fita."

Gwaggo ta lalubi wata magana a bakinta, ta haƙuri ko ta neman gafara, ba ta sami ko ɗaya da za ta iya ɗagawa ba. Sai ta ji kanta tana faɗin sunan hodar, da shagon da ake sayar da ita, da yadda ake barin ta ta ɗan jiƙa kafin a sa soso. Liatu na saurare tana gyaɗa kai a hankali har ta gama, sannan ta jawo kwanon ta rungume shi a cinyarta.